Kafin ka ɗora injin murza katako a kan tebur mai taya

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Birnin Ƙonni ta nufi Tsarnawa da Malbaza da Galmi, ko ya karkata arewa wajen Badagishiri da Illela, ya san yadda kafintocinmu ke aiki. Shago ɗan ƙarami ne a baya, rumfar kwano ko ta zana a gaba, aikin kuwa duk a waje ake yin sa. Da almuru a kwashe kaya a mayar ciki saboda masu dogon hannu, da damina kuma hadari na haɗowa sai a hau rige-rigen kwasa. Shi ya sa mai injin murza katako, wanda da shi ake fitar da ƙafafun gado da na kujera da sandunan labule, yake son injinsa ya zauna a kan tebur mai taya, da durowa a ƙasa ta ajiye kayan aiki. Dabara ce mai kyau, tana hutar da ƙugu, tana hutar da yaran shago. Sai dai teburin da aka haɗa da ƙusa da siririn katako, aka liƙa masa tayoyi huɗu na araha, yana iya raba mutum da ido ko yatsa.

Dalilin yana cikin juyin da injin ke yi. Gungumen da kaurinsa ya kai santimita 25, in yana juyawa sau 1,000 a minti, bayansa na gudun kusan kilomita 47 a awa. In aka kai juyin 2,000 gudun ya ninka, amma ƙarfin da ke fizgar gungumen waje sau huɗu yake ninkuwa. Kuma babu itacen da ke zuwa a daidaice daga wurin mai sayarwa: gefe ɗaya ya fi nauyi, ga kulli, ga tsaga. Wannan rashin daidaito shi ke girgiza inji, inji ya girgiza tebur, tebur mai taya kuwa ya fara tafiya da kansa alhali kaifin ƙarfe na cikin itace. Masu wannan sana'a suna da lissafi mai sauƙi: a ninka kaurin itacen a santimita da yawan juyin minti, abin da ya fito kada ya haura kamar 23,000, kuma itacen da ba a riga an zagaye shi ba a fara shi ƙasa da haka sosai. Wato gungume mai santimita 25 bai kamata ya wuce juyi 900 ba. A nan masu injin haɗin gida ya kamata su buɗe kunne, domin motar lantarki da ake samu a kasuwa galibi ko dai mai juyi kusan 1,450 ce ko mai kusan 2,850. Wanda ya haɗa ta da injin ba tare da fuli mai rage gudu ba, babu teburin da zai cece shi.

Abu na farko da ake nema a teburin shi ne nauyi, kuma nauyin ya zauna a ƙasa. Ƙafafu su zama katako mai kauri, kamar santimita 8 zuwa 10 kowane gefe, a ɗan buɗa su ta ƙasa yadda gindin zai fi saman faɗi. Saman kuwa katako biyu ne a haɗe, ko filawud mai kauri ninki biyu. A toshe bayan teburin da filawud guda, ko a gicciya katako daga kusurwa zuwa kusurwa, don shi ne ke hana tebur rangaji hagu da dama. Sannan a yi akwati a can ƙasa, dab da ƙasa, a zuba yashi. Buhunan simintin Malbaza da magina suka juye ba su da wuyar samu a yankin nan. A cika biyu ko uku rabi-rabi da busasshen yashi, a ɗaure baki, a kwantar. Yashi ya fi dutse ko guntun ƙarfe a wannan aiki, domin yana shanye girgiza, ba ya ƙara, kuma rabin buhu yaro ma zai iya fitar da shi in za a tsallake dokin ƙofa.

Maganar ƙusa kuwa a bar ta. Girgiza tana zare ƙusa sannu a hankali, mai shago bai sani ba. A haɗa gaɓoɓin da gam da noti mai ratsa katako, da washa a kowane gefe, shi ma injin a ɗaure shi da noti a jikin teburin. Katakon da ake shigowa da shi daga kudancin Najeriya ta iyakar Ƙonni sau da yawa da sauran ɗanyensa yake isowa. Ya sha hunturu da zafin bazara sai ya tsuke, notin da aka ɗaure tam a watan Agusta a same shi yana lilo a watan Maris. Don haka a riƙa bin su da sifana duk lokacin da yanayi ya juya. A kuma duba gindin ƙafafu saboda gara, musamman in daɓen shagon na ƙasa ne.

Sai tayoyin, waɗanda su ne tushen rigimar. Taya ta kai inji inda za a yi aiki ce, amma ba a aiki a kanta. Birkin ƙaramar taya yana hana ta mirginawa, amma da yawa ba ya hana ta waigawa a kan ƙusarta, ga robar kuma tana lotsawa tana dawowa, sai teburin ya riƙa rawa a tsaye. A ganina tsarin da ya fi dacewa da rumfunanmu shi ne irin na baro: tayoyi biyu manya a gefe ɗaya, a ɗaure su yadda ba za su taɓa ƙasa ba sai an ɗaga ɗaya gefen da mariƙi. An sauke, tebur ya zauna a kan ƙafafunsa huɗu. Wanda ya nace sai taya huɗu, to ya tanadi guntayen katako da zai cusa a ƙarƙashi su ɗauke nauyin kafin a kunna inji. Wajen saye kuma ya haɗa nauyin inji da tebur da yashi da kayan aiki, ya raba uku don sanin nauyin da kowace taya za ta ɗauka, tunda a ƙasa mai tudu da kwari taya uku ce ke ɗaukar kaya, ta huɗu tana reto. Araha ba ta ado: ƙaramar tayar kujerar ofis nutsewa take yi a rairayi, ta karye a tsakiyar hanya.

Tsayin teburin daga jikin mai aiki ake auna shi. Ya tsaya da takalminsa, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunsa, nan tsakiyar itacen zai kasance. A cire tsayin injin daga gindinsa zuwa tsakiyar itacen, abin da ya rage shi ne tsayin tebur.

Wurin ajiya ma yana da nasa haɗari. Kada a rataye ƙarafan yanka a bayan inji, inda sai an miƙa hannu ta saman itace mai juyawa kafin a ɗauko. A yi musu ramuka a gefen tebur, kaifi yana kallon ƙasa. Kaya masu nauyi su zauna a durowar ƙasa, kuma kowace durowa a sa mata sakata, in ba haka ba girgiza za ta buɗe ta, ta bugi ƙwauri ko ta cika da ɓawon katako. Fetur da tina da banish ba su da wurin zama a wannan tebur sam. Mota mai zafi, garin katako da tartsatsin waya sun isa tashin gobara, balle an ajiye musu mai a kusa. Wayar da ake cusa bakinta tsirara a soket ita ma a daina. A sa makunni a gaban teburin inda hannu zai kai nan take, a haɗa jikin injin da wayar ƙasa. In wuta ta ɗauke ana cikin aiki, a kashe makunnin kafin a matsa, don kada ta dawo inji ya tashi da hannun wani a kai.

Akwai cutar da ba ta fidda jini, shi ya sa ake raina ta. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta cikin hanci, ban da asma da tari da ƙaiƙayin fata. Lokacin goge aiki da samfefa ne ƙurar ta fi tashi. A nan tebur mai taya yana da rana: a tura shi inda iska za ta kwashe ƙurar daga fuskar mai aiki, ba kuma wajen mai abincin da ke maƙwabtaka ba. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyin, sai takunkumi na ainihi. Fuska kuma a rufe ta da garkuwar roba, tunda tabarau ba ya kare haƙori da goshi.

Masu shago, ku ne iyayen yaran da aka ba ku amana. Kada yaro ya matso injin da jalabiya mai faɗin hannu, ko rawani mai jela, ko carbi a wuya, ko safar hannu, domin duk abin da itace mai juyawa ya kama naɗe shi yake yi har da hannun da ke ciki. Ku koya masa ya juya itacen da hannu sau ɗaya kafin ya kunna, ya tsaya a gefe lokacin da injin ke tashi, ya kashe da zarar ya ji teburin ya motsa. Kuma kada ku bar shi shi kaɗai da injin sai kun gan shi da idonku yana yin haka ba tare da an tuna masa ba.