Ƙwan mimoza a wurin biki: sauƙin haɗawa, saurin lalacewa

A liyafar aure ko walimar suna a birane irin su Yamai, Maradi da Damagaram, akan ga faranti jere da dafaffen ƙwai an raba shi biyu, an cika tsakiyarsa da haɗin gwaiduwa da ɗanyen ganye. Faransawa ne suka raɗa masa suna ƙwan mimoza, saboda gwaiduwar da ake barbaɗawa a kai ta yi kama da furen itacen mimoza mai ruwan ɗorawa. Abincin ya daɗe a duniya: wani littafin girki na Andalus na ƙarni na 13 ya kawo yadda ake cusa ƙwai da gwaiduwa da ruwan albasa da kayan yaji.

Masu girkin taro na son sa ne don yana da auki, ƙwai 30 na ba da yanka 60. Kafin dahuwa ana jefa ƙwan cikin ruwa. Wanda ya taso sama ya tsufa, a ware shi. Sauran a dafa minti 10 zuwa 12, a tsoma cikin ruwan sanyi nan take don ɓawon ya fita sumul. Idan dahuwa ta wuce kima, gefen gwaiduwar kan yi kore-kore. Da damina, lokacin da ƙwan zabi ke cika kasuwa, shi ma yana yi, sai dai ɓawonsa ya fi tauri.

Bayan an raba, a kwashe gwaiduwar a murje ta da mayonez, ɗan mutard, gishiri, masoro da ruwan lemon tsami. Ganye shi ne ke bambanta hannun wata da na wata: farsil da lawashi sun fi yawa, wasu kuma kan ƙara na'ana'a ko ɗoɗɗoya. A wanke ganyen sosai, a bar shi ya tsane, sannan a yanka ƙanana, domin jiƙaƙƙen ganye na tsinka haɗin. Albasar Galmi yankakkiya kaɗan na ƙara masa armashi.

Matsalar tana farawa ne bayan an gama. Ƙwai da mayonez wuri ne da ƙwayoyin cuta irin su salmonela ke saurin hayayyafa, kuma ba lallai wari ko ɗanɗano su nuna ba. Ma'aikatar noma ta Amurka na gargaɗin kada irin wannan abinci ya wuce awa 2 a waje, ko awa 1 idan zafi ya haura digiri 32. A Nijar kuwa zafin watannin Afrilu da Mayu kan zarce digiri 40, ga ɗaukewar lantarki, ga baƙin da ba su cika zuwa kan lokaci ba. Yara ƙanana, masu ciki da tsofaffi su ne suka fi jin jiki idan gudawa da amai suka biyo baya.

Don haka ya fi kyau a ajiye farin ƙwan daban, haɗin daban cikin firijo, a cika sai baƙi sun zauna. A fito da shi kaɗan-kaɗan, a ɗora farantin kan ƙanƙara, a kuma yi amfani da mayonez na kwalba maimakon na gida da ake kaɗawa da ɗanyen ƙwai. Wanda ya yini a rumfa kuma, kada a ƙulle wa baƙi shi su tafi da shi gida. Zubar da shi ya fi kuɗin asibiti sauƙi.