Kiɗan Fiyano: Yadda Na'ura Ta Auri Kalangu

Kiɗan fiyano, kamar yadda ake kiransa a ƙasar Hausa, kiɗa ne da ake haɗawa da na'urar lantarki a situdiyo, sannan mawaƙi ya ɗora murya a kai. Shi ne ke tashi daga lasifikokin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi ne kuma ake sakawa a gidajen biki daga Gumel har Gagarawa da Sule Tankarkar. Duk mai kunne zai tsinci abu uku a cikinsa: karin Indiya, bugun gangunan gargajiya, da sautin na'ura da ya ɗinke su.

Tushensa finafinan Hausa ne. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya fim suka buƙaci waƙoƙi irin na finafinan Indiya da jama'a suka daɗe suna kallo. Tara makaɗa da 'yan amshi akwai tsada, ita kuwa fiyanon Yamaha mutum ɗaya ke sarrafa ta, ga sautin sarewa da goge da ganguna duk a cikinta. Situdiyon Iyan-Tama na cikin waɗanda suka fara wannan aiki, kuma farin jinin da waƙar fim ɗin Sangaya ta samu ya sa kowa ya bi sawu. Daga baya kwamfuta ta shigo, tare da manhajar Auto-Tune da aka fitar a Amurka a 1997 don gyara kuskuren murya. Mawaƙan Hausa suka mayar da ita ado, muryar mace ta ƙara siranta tana karkarwa.

Wurin da haɗin ya fi wuya shi ne kalangu. Makaɗi na saƙale shi a hammata, ya matse tsarkiya ko ya sassauta, sautin ya hau ko ya sauka daidai da hawa da saukar maganar Hausa. Shi ya sa kalangu ke kiran sunan mutum, ya yi masa take. A ƙungiyar Mamman Shata, makaɗa na sauraron bakin ubangidansu ne: in ya ja baiti su jira shi, in ya yi zambo su tashi da zafi. Na'ura kuwa bugu ɗaya take maimaitawa, mawaƙi ne ke bin ta. Wannan rashi ne na gaske, domin waƙoƙi da yawa sun zama kamar an ɗinka su a keke ɗaya. Ƙwararrun masu haɗa kiɗa sun gane haka, shi ya sa waƙoƙin sarauta irin na Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa suka riƙe amshi da kirari, suka bar wa ganga fili.

A ƙetaren iyaka ma abin ya daɗe. Tun a 1978 Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kaset na kiɗe-kiɗen ƙasarsa da ogan, wato na'urar kiɗa ta lantarki mai madannai irin na fiyano, aka riƙa jin su a gidan rediyo da talabijin, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da su a 2013. Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da bugun na'ura da Auto-Tune irin na situdiyon Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu a Sahel daga waya zuwa waya.

Ta wannan hanya ce kiɗan ke ratsa Maigatari. Masu tura waƙa na zaune da kwamfuta a ƙarƙashin rumfa, fatake da direbobi daga yankin Damagaram su miƙa memori a cika musu da Nura M. Inuwa ko Hamisu Breaker ko yabon Manzo, wanda shi ma yanzu sau da yawa da fiyano ake rera shi tare da sautin mandiri. Mawaƙi ba kasafai yake samun komai daga wannan ciniki ba. Abincinsa na fitowa ne daga liƙin biki da waƙar siyasa da kuma YouTube.