Zuba: Agogon da ke ƙirga bugun zuciya da barci

Ma'aikacin da ke zaune a Zuba yakan kama hanyar Kubwa tun da asuba domin isa Sakatariyar Tarayya, sai bayan magariba ya dawo. Kafin ritaya ta zo a shekara 60, barci ya ragu, motsa jiki ya zama labari.

A nan agogon hannu mai auna bugun zuciya yake da rana. Koren hasken da ke bayansa yana bin gudanar jini a ƙarƙashin fata. Zuciyar baligi kan buga sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa. Da dare kuma agogon yana kimanta barci daga motsin jiki da saurin bugun.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar.

Sai dai agogo ba likita ba ne, kuma yawancinsu ba sa auna hawan jini. Wanda bugun zuciyarsa ya rikice, ko ƙirji ya riƙe shi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ya kamata ya nufa.