Yawan Mantuwa Ga Mai Ƙuruciya: Gigin Tsufa Ne Ko Gajiya?

Sau nawa kika shiga ɗaki da sauri, sai kika tsaya cak kin rasa abin da ya kawo ki? Ko kika zuba gishiri a miya sau biyu, ko kina tsakiyar Azahar kika kasa tantance raka'a ta uku kike ko ta huɗu? Mata da yawa 'yan shekara 25 zuwa 40 suna fama da wannan, kuma abin da ya fi mantuwar cin su shi ne tsoro. Wata tana tuna yadda kakarta ta rikice har ta daina gane 'ya'yanta, sai ta ce shi ke nan, gado ya biyo ta. Wata kuma sai ta ƙudurta sammu aka yi mata, ta yi gum da bakinta don kada maigida ko dangin miji su ce ta samu taɓin hankali.

Bari mu fara da cutar da ake tsoro. Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci na kiransa cutar mantuwa, wato ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa a hankali har mutum ya kasa tafiyar da al'amuransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke ɗauke da ita. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, wanda ya samo suna daga wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, da ya yi bayaninsa a 1906. Mafi yawan masu cutar sun haura shekara 65. Waɗanda take kamawa kafin nan ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, su ma galibinsu sun wuce 45. Ke nan samun ta ga 'yar shekara 30 abu ne mai wuya ƙwarai.

To me ke kawo taki mantuwar? Na farko shi ne rashin barci, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka gani ko aka koya da rana. Baligi na buƙatar aƙalla awa 7, alhali mai goyo tana tashi sau uku ko huɗu kafin Asuba. Na biyu rabuwar hankali. Kina girki, yaro na kuka, waya na ƙara, kina lissafin kuɗin makaranta, sai kika ajiye makulli. Hankalinki bai je kan makullin ba tun farko, ina za ki tuna? Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma dalilan da ke cikin jiki. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga masu ciki da masu haihuwa kusa-kusa, yana kawo kasala da rashin natsuwa. Haka ƙarancin bitamin B12, da ake samu a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Haka ma idan ƙullutun nan na gaban wuya, wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo, ya rage aiki. Ciwon damuwa, musamman bayan haihuwa, yana hana mace riƙe ko da maganar da aka yi mata yanzun nan. Sai magungunan sa barci da ake saye ba umarnin likita, da tiramol, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018. Abin farin ciki, duk waɗannan suna da magani, kuma idan aka magance su mantuwar kan ragu.

Yaya za ki bambance? Mai gajiya takan manta ko ta sa gishiri, amma ba ta manta yadda ake kaɗa miyar kuka. Takan rasa sunan maƙwabciya, can an jima ya faɗo mata. Mai cutar kuwa tana iya ɓata a hanyar gidan iyayenta, ta maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, ta kasa ƙirga kuɗin cefane, ko halinta ya sauya gaba ɗaya. Sau da yawa ma mutanen gida ke fara lura kafin ita. Idan alamu irin waɗannan suka bayyana suna ƙaruwa, a je asibiti ba jinkiri. In kuwa rikicewar ta zo farat ɗaya, tare da karkacewar baki, mutuwar hannu, zazzaɓi mai zafi, ko bayan buguwa a kai, to ba a kwana, a tafi nan take.

Game da sallah, kada waswasi ya kama ki. Dubi yadda Ahalari ya ware babi mai tsawo a kan rafkanwa da sujadar ƙabli da ba'adi. Hukuncin an tanade shi ne ga masu lafiya, domin mantuwa halin ɗan Adam ce. Ki koyi gyaran sallarki ki natsu. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa awon jini, a haɗa su.

Saboda haka 'yar uwa, ki faɗa wa maigida abin da ke damun ki, ki nemi ya sahale miki ganin likita, a duba yawan jininki da sauran abin da likitan ya ga dama. Ki yi ƙailula idan yara sun tafi makaranta, ki nisanta waya da shimfiɗarki. Ki ware wuri ɗaya na makulli da kuɗi, ki riƙa rubuta saƙo da bashi a ƙaramin littafi. Ki yawaita wake, zogale, alayyahu da hanta gwargwadon hali. Ki kuma riƙa awon hawan jini da suga, domin su ne idan aka yi sakaci da su yanzu suke cutar da ƙwaƙwalwa a tsufa. Kada ki bar karatu, ko na Islamiyya ko na yaƙi da jahilci, kada kuma ki yanke zumunci.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu tsufa da hankalinmu. Amin.