Sabon Ƙwai, Tsohuwar Waya

A Amurka akwai masu sha'awar adana injinan fimbol, teburin wasa mai murfin gilashi wanda ake harba ƙwallon ƙarfe a cikinsa, fitilu na walƙiya duk lokacin da ya ci maki. Tsofaffin ƙwayayen fitilun suna da zafi, har sukan lanƙwasa robar da ke kusa da su, wadda samun madadinta ke da wuya a yau. Saboda haka ake komawa ga ƙwayayen LED.

Sai dai a wasu injinan kamfanin Williams na Chicago, irin su Pin-Bot na 1986, da zarar an sa LED a gurbin ƙwan walƙiya sai ya ƙi mutuwa. Mai gaggawa zai ce injin ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Da gangan maƙeran suka sanya wata razista da ke barin 'yar wuta tana ratsa siririyar wayar cikin ƙwan, don ta zauna da ɗumi, ta haska nan take, kuma kada ta tsinke da wuri. Wannan 'yar wutar ba ta isa kunna tsohon ƙwai ba, amma ta ishi LED.

Maganin shi ne a kashe injin, a cire ƙafa ɗaya ta razistar, a bar ta a wurinta domin wanda zai so mayar da injin yadda yake.

Abin da nake nanata wa ɗalibaina ke nan: kafin ka yanke waya, nemi dalilin wanda ya ɗaura ta.