Ledar sitaci mai canza launi: amfaninta da iyakarta

Uwaye da masu faɗakarwa, a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, kusan duk abin da kuka saya a leda ake ƙulla muku shi: ƙosai, nama, kifi, har da koko mai zafi. Wannan leda daga man fetur ake yin ta, kuma ba ta ruɓewa. Tana toshe magudanun ruwa da damina, awaki da tumaki suna haɗiye ta su rame. Shi ya sa Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63 a watan Nuwamba na 2014, wadda ta hana ƙera irin waɗannan ledoji marasa kauri, da shigo da su, da sayar da su. Masana kuma suna neman abin da zai maye gurbinta.

Mece ce ledar sitaci?

Sitaci shi ne farin garin da ke kwantawa a ƙasan ƙwarya idan an tace rogo, masara ko dankali. Ana dama shi da ruwa a dafa har ya yi kauri kamar kunu, a zuba gilisarin kaɗan don kada ya karye, sannan a shimfiɗa shi siriri ya bushe. Abin da ke fitowa fallen leda ne da ake ganin abu ta cikinsa. Idan an binne shi, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna cinye shi.

Yaya take nuna lalacewar abinci?

Ke da kike dafa soɓo kin san cewa lemun tsami yana ƙara masa ja, kanwa kuwa tana juya launinsa ya yi duhu. Wannan jan launi na soɓo ake gauraya wa sitacin. Kifi ko nama idan ya fara ruɓewa, yana fitar da tururi mai wari wanda ke aiki irin na kanwa. Da tururin ya taɓa ledar sai launinta ya sauya, mai saye ya gani tun bai kwance ƙullin ba.

Masu faɗakarwa sun riga sun san irin wannan dabara. Tun 1996 ake manna wata alama a kwalbar ɗigon rigakafin shan-inna: idan murabba'in tsakiya ya yi duhu daidai da da'irar da ke kewaye da shi, zafi ya ɓata maganin, ba a ɗiga wa yaro.

Iyakarta

Na farko, sitaci yana shan ruwa. Ledarsa tana laushi idan ta jiƙe, danshi kuma yana ratsa ta. Don haka ba za ta iya riƙe abincin maganin tamowa ba. Ƙunshin Plumpy'Nut mai giram 92, wanda ake yi har a Yamai, yana da shafin alminiyom da ke tsare man gyaɗa da madarar ciki daga iska, haske da danshi tsawon wata 24.

Na biyu, launi ba ya ganin kowace cuta. Ƙwayoyin da ke kawo zawo da kwalara suna iya shiga abinci ta hannu mai datti, ƙuda ko gurɓataccen ruwa, alhali abincin bai yi wari ba, ledar ma ba za ta sauya ba. Haka nan gubar da ke cikin gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. Yaron da tamowa ta riga ta raunana, zawo na kwana biyu yana iya kai shi kwance a asibiti.

Na uku, yawancin wannan aiki yana hannun masu bincike a jami'o'i, bai zama kayan kasuwa na yau da kullum ba.

Abin da ke hannunku yau

Ki wanke hannunki da na yaro da sabulu kafin ki ba shi abinci.

Ki zuba koko da kunu mai zafi a kwano mai murfi, ba a leda ba.

Abincin yaro da aka dafa kada ya wuce awa 2 a ajiye. Idan ya wuce, ki sake tafasa shi sosai.

Ki duba ƙunshin Plumpy'Nut kafin ki buɗe. Wanda ya huje ko ya kumbura, ki mayar da shi likita. Wanda kika buɗe, ki naɗe bakinsa, yaro ya gama shi cikin awa 24.

Ƙunshin da ya ƙare kada a yar a tsakar gida ko a jefa a murhu. Ki tara su ki kai likita ranar awo.

Ku masu faɗakarwa, idan kun shiga gidaje, ku dubi inda ake ajiye abincin yara, ku kuma maimaita wa uwaye waɗannan ƙa'idoji 5 ɗaya bayan ɗaya.