Wasan mota: Abin da ya kamata matasan Birnin Kudu da Gwaram su sani kafin su taɓa ƙafar mota

Wasan mota ya daɗe da samun gindin zama a bukukuwan aure a garuruwan Arewa, kuma bidiyoyin TikTok sun ƙara kwaɗaita wa matasa shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne yadda motocin tsere suke kwanciya dab da ƙasa, suna shan kwana ba tare da tangaɗi ba.

Wannan sha'awa ce ke sa wasu su kai mota gareji a yanke mata sifirin domin ta sauko. Sai dai gyaran da ake yi wa motar filin tsere an yi shi ne don kwalta mai laushi wadda babu kowa a kanta. Hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil zuwa Birnin Kudu, ta wuce Gwaram, ba haka take ba. Akwai tireloli, 'yan acaɓa, shanu da masu zuwa cin kasuwar Sara.

Me ke riƙe mota a kan titi?

Duk nauyin mota yana kan tayoyi huɗu ne, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba. Aikin abin da makanikai ke kira ƙafar mota, wato sifirin da shoka da bushin da tayirod, shi ne tabbatar da cewa tayar ba ta rabu da ƙasa ba.

Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shoka kuma ta hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami. Idan aka yanke sifirin, yakan yi tauri, tazarar motsinsa ta ragu, shokar ta riƙa buguwa har ta mutu. Wani lokaci ma sifirin ya zame daga mazauninsa. Taya da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

Masu tsere na gaskiya ba sa yanka. Suna sayen sifirin da shoka da aka ƙera tare, waɗanda ake ɗagawa ko saukewa da ma'auni.

Yadda ƙwararru ke saiti

Mota na da halaye biyu a kwana. Wata takan ƙi juyawa, ta miƙe gaba duk da an murɗa sitiyari. Wata kuma bayanta ne ke zamewa ya nemi wuce gabanta. Ƙara wa ƙafar gaba tauri yana jawo hali na farko, ƙara wa ta baya kuma yana jawo na biyu.

Motoci irin su Golf da Corolla da Civic, waɗanda tayoyin gaba ke ja, sun fi karkata ga miƙewa. Marsandi da BMW masu ja da tayoyin baya sun fi saurin juya baya idan aka taka totur a kwana, shi ya sa masu wasan mota ke son su.

A filin tsere akan ɗan karkatar da saman tayoyin zuwa ciki da digiri 2 zuwa 3, domin su kwanta sosai a kwana. A titin yau da kullum, wannan saiti yana cinye gefen taya na ciki da wuri.

Ƙa'idar masu saiti ita ce a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta sakamako, kafin a taɓa wani.

Gyaran da ya dace da hanyoyinmu

Ga mai bin hanyoyin kudancin Jigawa, musamman da damina lokacin da ramuka ke ƙaruwa, mota na buƙatar tsayinta na asali.

A fara da taya. A jikin kowacce akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, na gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu, kuma yawancin tayoyin Beljiyam sun ci wani ɓangare na shekarunsu kafin su iso.

A auna iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi, bisa adadin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko murfin tanki. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 40, kuma taya mai ƙarancin iska ta fi saurin fashewa.

A canza shoka biyu-biyu, hagu da dama. A yi alaimen bayan duk wani aikin ƙafa. Man birki na shan danshi, don haka kamfanoni da dama ke cewa a sauya shi duk shekara biyu.

Matsalar fili

Ko da saiti ya yi daidai, gudu na da lissafinsa. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yakan ninka kusan sau huɗu. Dokar hanya ta kayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi.

A ƙasashen da wasan ya bunƙasa, fili aka ware masa. A Nürburgring da ke Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, mutum kan biya kuɗi ya shiga da motarsa, kowa na tafiya fuska ɗaya, akwai shinge da jami'an ceto. Ko a nan gida, tseren motoci na bikin kamun kifi na Argungu da shiri da rakiyar hukuma ake yin sa.

Wasan da ake yi a ƙofar gidan biki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masu kallo, galibi yara, su ne ke tsaye a inda ya kamata shinge ya kasance, kuma ƙaramin kuskure ya isa ya kai mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Idan ƙananan hukumomin biyu da ƙungiyoyin matasa da FRSC suka ware fili mai shinge a bayan gari, tare da tilasta hular kwano da bel, masu sha'awar za su samu inda za su koyi saiti na gaskiya. Kafin nan, kuɗin yanke sifirin gara a sa su a sabuwar taya.